Ina bolt ɗina ya shiga? Kundin aikin akwatin sigarin lantarki

Asabar, 2 ga Satumba, 2023

Kaya sun kusa cika, fiyus kaɗai ya rage. Na baje su a tebur na daɗe ina kallo kafin in taɓa ko ɗaya. Ga akwatin alminiyam na Hammond mai lamba 1590B, irin wanda masu haɗa na'urorin jita ke amfani da shi, tsawonsa milimita 112, faɗinsa 60, kaurinsa 31. Ga gidan batir mai cin biyu, ga mazaunin kai mai zare irin na 510 (inda ake ɗaura kan da ke yin tururi), ga mosfet IRLB3034 (makunnin lantarki mai ɗaukar wuta mai yawa), da rizista (mai rage gudun wuta) mai om 15,000, da maɓalli, da ƙullin waya ja da baƙa.

Wata bakwai ke nan da na ajiye karan sigari na koma tururi. A cikin wannan lokaci na'urori biyu sun mutu a hannuna, kuma duk mutuwa iri ɗaya: batir lafiya lau, kai lafiya lau, amma allon da ke ciki ya ƙi tashi, an kuma liƙe jikin da gam yadda in ba fasawa za ka yi ba, ba za ka ga cikinsa ba. Abin da nake so shi ne akwatin da zan buɗe da hannuna, in san kowace waya daga ina ta fito, ina ta nufa.

Ba sabon abu na ƙirƙiro ba. Tun da Hon Lik, wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, ya fito da sigarin lantarki na zamani a 2003, na farko-farko siffar karan sigari gare su, batirinsu ɗan mitsitsi, kafin ka ji daɗinsa ya mutu. Masu amfani da shi ne suka fara farke tocila suna cire ƙwai suna sa mazaunin kai a gurbinsa, don su mori babban batirin da ke ciki. Daga wannan gyare-gyare aka samo sunan da ake kiran irin waɗannan na'urori da shi, wato mod.

Na farkon da zan haɗa ba shi da ƙwaƙwalwa ko kaɗan. Ka danna, abin da batir ke da shi ya wuce kai tsaye zuwa kwayil, naɗaɗɗiyar wayar da ke yin zafi ta mai da ruwan tururi. Babu allon da zai ce turjiya ta yi ƙasa, babu mai yanke wuta in an daɗe ana dannawa, babu mai cewa batir ya yi sanyi. Duk wannan aiki ya dawo wuyana.

Talata, 5 ga Satumba

Yau takarda da biro kawai.

Batirin 18650, lambar ma siffarsa take faɗa: faɗi milimita 18, tsawo 65. In ya cika yana kan bolt 4.2, kuma da wannan ake lissafi, ba da 3.6 ko 3.7 ɗin da ake rubutawa a jikinsa ba, don a lokacin da ya cika ne ya fi turo wuta. Na zaɓi Samsung 25R, mai koriyar riga, wanda kamfanin ya ce yana ɗaukar amf 20 a ci gaba ba tsayawa. Na so 30Q saboda ya fi daɗewa, mAh (ma'aunin yawan caji) 3,000 maimakon 2,500, amma shi amf 15 ne iyakarsa. Haka abin yake a wannan fanni: yawanci batirin da ya fi riƙe caji, ya fi rowar sakin wuta da yawa a lokaci guda.

Kwayil kuma da wayar Kanthal A1 lamba 24 zan naɗa. Kaurinta rabin milimita ne da ɗan ɗoriya, kuma kowace mita ɗaya tana da turjiyar kusan om 7. Naɗi bakwai a kan ƙarfe mai milimita 3, haɗe da ƙafafu, zai ci kamar santimita 8.7, wato om 0.62. In na sa biyu kafaɗa da kafaɗa, turjiya ta rabu biyu, ta koma 0.31. Raba 4.2 da 0.31, ka samu amf 13.5. Ninka da 4.2 kuma, wat 57 a kan takarda.

Batura biyu zan jera, fosatif da fosatif, negatif da negatif, don haka a ƙa'ida kowanne amf bakwai-bakwai zai ɗauka, bai ma cika ba. Amma ban yarda in jingina da wannan rabon ba. Sifirin ɗaya na iya yin sanyi, datti na iya shiga tsakani, ka wayi gari batir ɗaya ne ke ɗauke da kayan duka ba ka sani ba. Saboda haka dokar da na kafa wa kaina: kowane kwayil zan naɗa, sai ya zama wanda batir guda zai iya ɗauka shi kaɗai. 13.5 na ƙasa da 20, an wuce wurin. Da na biye wa masu neman tururi kamar gajimare na sauko om 0.15, da amf 28 ake magana.

Abin da ya sa nake wannan taka-tsantsan: hukumar kula da gobara ta Amurka ta fitar da rahoto a 2017, ta ƙirga fashewa ko kamawar wutar sigarin lantarki sau 195 tsakanin 2009 da 2016, mutum 133 suka ji rauni. Da yawa ma a aljihu abin ya faru, ba a baki ba. Batir in ya ɗau zafin da ya wuce kima, sinadaran cikinsa su ke ci gaba da hura kansu, ba mai tsayar da su, iska mai zafi ta nemi hanyar fita. In ta tarar da bututun ƙarfe a toshe, bututun ya zama harsashi. Don haka a zanen akwatina na ƙara huda uku a gindi, nesa da fuska.

Asabar, 9 ga Satumba

Huda. Alminiyam ba ya gardama, abin da ya sa ma yake ruɗin mutum ke nan. Na manta ban fara dasa ɗigo da ƙusa ba, bakin injin ya zame, ramin mazaunin kai ya karkace da kamar milimita biyu zuwa gefen murfi. Na gyara da magagari iya yadda zai gyaru. Duk wanda ya ƙura ido zai gani, ni kuwa kullum sai na gani.

Murfin da sukurori huɗu ya zo. Na faɗaɗa ramukansu na dasa ƙananan maganaɗisu da gam mai haɗi biyu, don in batir ya fara zafi a hannuna, ba lokacin neman sukudireba ba ne. Bayan na gama na wanke akwatin da ruwa da sabulu har sau biyu na shanya. Garin alminiyam yana ɗaukar wuta kamar waya, ƙwaya ɗaya ta maƙale tsakanin ƙafafun mosfet ta isa.

Laraba, 13 ga Satumba

Baturan da na yi oda ta intanet sun iso, kuma tun a hannu na ji ba su cika ba. Rigar koriya ce, rubutun ma ya yi kama, amma na ɗora a ma'auni: ɗaya giram 37, ɗaya 38. Na gaske yana kaiwa 43 zuwa 45. Na sa su a cajar da ke iya zuƙe batir ta ƙirga abin da ke cikinsa, da safe na tarar ɗaya ya ba da mAh 1,380, ɗayan 1,510. Wato wani ya samo tsofaffin batura ko na ƙaramin aiki, ya sa musu sabuwar riga. Araha ba ta ado.

Abin tsoron ba ƙarancin cajin ba ne. Ban san mene ne a ƙarƙashin rigar ba. Mai yiwuwa irin na kwamfutar tafi-da-gidanka ne, wanda aka yi don amf huɗu ko biyar, ni kuwa ina shirin ɗora masa 13. Duk lissafin da na zauna na yi ranar Talata, a kan lamba 20 ya tsaya, lambar kuwa a wannan karon ƙarya ce.

Na rubuta wa mai kayan, ya ce in aiko da hoto, na aika, shiru. Na liƙe kawunansu da salatif na ware su don kaiwa inda ake karɓar matattun batura. Na yi sabuwar oda wurin dillalin da batir ne sana'arsa. Af, ga wanda bai sani ba: duk 18650 ɗin da ka ga an rubuta masa mAh 6,000 ko 9,900, ko tambaya ba ya buƙata. Na ƙwarai mafiya riƙe caji a wajen 3,500 suke tsayawa.

Asabar, 16 ga Satumba

Na gaske sun zo, giram 44 kowanne. Na rubuta musu A1 da A2 da alƙalami. Daga yau tare za su ci caji, tare za su yi aiki, ba mai zuwa aro a wata na'ura.

Haɗin ba shi da yawa. Fosatif na kowane batir ya bi ta fiyus nasa, irin wanda ke yankewa in ya yi zafi ya dawo in ya huce, sannan su haɗu su tafi tsinin tsakiyar mazaunin kai. Jikin mazaunin ya tafi ƙafar tsakiya ta mosfet. Ƙafar dama ta tafi negatif. Ƙafar hagu ita ce ƙofa: siririyar waya daga fosatif ta bi ta maɓalli ta shigo ta, rizistar nan mai om 15,000 kuma ta haɗa ta da ƙafar dama, don da zarar an saki maɓalli ta janye cajin da ya rage, ƙofa ta rufe. Amfanin mosfet ke nan. Ƙaramin maɓalli da aka yi don amf biyu ko uku, in ka tura masa 13 zai narke ya manne a kunne. A nan kuwa abin da ke bi ta cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na amf ba, mosfet ne ke ɗaukar dakon.

Dalma ta ba ni wuya a wurin mazaunin kai. Ƙarfen da nake narka dalma da shi mai wat 30 ne, mazaunin kuma yana shanye zafin yana watsa wa akwati. Na dai samu ta kama, ko da yake ba ta yi sheƙi ba.

Ƙarfe goma na dare na danna a karon farko, ba auduga, ba ruwa, na miƙa hannu nesa. Kwayil biyu suka yi ja daga tsakiya zuwa gefe, tare. Na zauna ina murmushi ni kaɗai.

Lahadi, 17 ga Satumba

Murnar ba ta kwana biyu ba.

Da rana na sa auduga, na ɗiga ruwa, na rufe murfi, na ajiye akwatin a tebur na juya ina neman wani abu. Sai na ji tsuwwa. Na waiga, tururi na fita, ba wanda ya taɓa maɓalli. Kafin in kai hannu auduga ta bushe ta fara ƙauri. Na fizge murfi, na zaro baturan. Daƙiƙa shida ko bakwai ne duka, amma hannuna ya daɗe yana rawa. Da sukurori huɗun nan ne a wurin, ban san yadda za ta ƙare ba.

Na fara zargin mosfet, don in ya lalace yawanci a buɗe yake mutuwa, wuta na wucewa. Na gwada shi, lafiyarsa ƙalau. Rizista ma tana nan daram. Na ɗauki akwatin na kai wa yayana, wanda gyaran kayan lantarki ne aikinsa tun ina ƙarami. Bai ma ɗauki mita ba. Ya juya shi, ya danna gidan batir da babban yatsa, ya ce, "Kai, jikin akwatin nan da me ya haɗu?"

Na ce, "Da mazaunin kai, Yaya."

"Mazaunin kuma da ƙafar tsakiya. To in negatif ya taɓa jikin akwati fa?"

Shi ke nan. A ƙarƙashin gidan batir, inda na liƙa baƙar waya, dalma ta yi ɗan tsini. In murfi a buɗe yake, ba ta kaiwa. In maganaɗisu ya ja murfi ya danne batura, tsinin ya sauka a kan alminiyam, wuta ta samu hanyar da ba ta bi ta mosfet ba. Fiyus kuma ba ruwansu, don a wurinsu amf 13 aiki ne na yau da kullum.

Na goge tsinin, na shimfiɗa salatif mai jure zafi ninki biyu a duk cikin akwatin da bayan murfi. Na kuma ƙara ɗan makunni a kan siririyar wayar ƙofa, na kashewa in za a sa a jaka. Shi ba zai hana irin abin da ya faru yau ba, amma zai hana mukulli ko kwabo danna maɓalli.

Asabar, 23 ga Satumba

Mako guda ina amfani da shi, kuma wani abu na damuna. Takarda ta ce wat 57. Bakina ya ce ƙarya ne. Tsohuwar na'urata a wat 45 ta fi wannan kuzari. Sannan saman akwatin, kusa da mazaunin kai, yana ɗumi fiye da yadda zafin kwayil kaɗai zai sa.

Kafin in auna komai sai da mita ta koya mini darasi. Na haɗa tsinayenta biyu da juna, ta nuna om 0.4. Wato wayoyin mitar kansu sun fi kwayil ɗina turjiya. Da irin wannan ba a auna abin da bai kai om ɗaya ba. Yaya ya nuna mini hanyar da ta fi: kada ka auna turjiya, auna bolt ɗin da ke zubewa a kan kowane gaɓa yayin da wuta ke gudu. Ka dafa tsini ɗaya a farkon gaɓar, ɗaya a ƙarshenta, ka danna, ka karanta. A ma'aunin milibolt ko mita mai sauƙi ba ta ƙarya sosai.

Batura a hutu: 4.18. A ƙafafun kwayil, ana dannawa: 3.52. Bolt 0.66 ya ɓace a hanyar da ba ta kai kamu biyu ba. Da 3.52 a kan om 0.31, amf 11.4 ke gudu, wat 40 ke isa kwayil. Bakina ya yi gaskiya.

Na bi sawu gaɓa-gaɓa, na shafe kusan awa uku, ina sake cajin batura tsakani don lambobin su yi daidai. Baturan kansu sun ci 0.13, wannan turjiyar cikinsu ce, ba yadda zan yi da ita. Mosfet ya ci 0.03, wanda ya yi daidai da abin da takardarsa ta yi alkawari, miliom biyu da 'yan kai (miliom kashi ɗaya ne cikin dubu na om). Wayoyi sun ci 0.07, don lamba 18 na sa, ita kuwa miliom 21 gare ta a kowace mita. Fiyus, 0.12. Harsunan gidan batir, 0.12. Sai babban ɓarawon: liƙin nan na mazaunin kai da bai yi sheƙi ba, shi kaɗai 0.19.

Na ninka 0.19 da 11.4, ya ba ni wat biyu da ɗoriya. Wat biyu ba komai ba ne a kwayil, amma a ɗigon dalma da bai kai ƙwayar maɓalli ba, kusa da robar da ta raba tsinin tsakiya da jikin mazauni, abin dubawa ne. In robar ta yi laushi tsinin ya karkata ya taɓa jiki, fosatif ya haɗu da negatif ba kwayil a tsakani. Na ɗauka ina neman ƙarin tururi ne, ashe wurin da akwatin zai ci amanata nake nema. A ido kuwa liƙin ba shi da laifi, na ja shi da filaya ma bai motsa ba.

Asabar, 30 ga Satumba

Na aro ƙarfen Yaya mai wat 60 da faffaɗan baki. Na cire mazaunin daga akwati tukuna, don kada alminiyam ya sake shanye zafin, na kankare wurin, na shafa man dalma, na ɗumama ƙarfen da kansa har dalma ta malala ta bi shi, ba ta dunƙule a kai ba. Wayoyin babbar hanya na mayar da su lamba 14, wadda ta fi kauri, mai miliom 8 da kaɗan a mita, na kuma rage tsawonsu. Lanƙwasa lamba 14 a cikin wannan ɗan akwati sai da haƙuri. Harsunan gidan batir na goge su, na ɗan ɗago su, na tura guntun roba a bayansu don su riƙa matsa batir sosai.

Sabon awo: 3.80 a ƙafafun kwayil. Amf 12.3, wat kusan 47. Mazauni ya sauko 0.02, harsuna 0.04, wayoyi 0.03. Saman akwatin ya daina ɗumi.

Yanzu fiyus ne suka fi kowa ci in ban da baturan, kuma na furta a gaban Yaya cewa ina tunanin cire su. Ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Ranar da ka sa batir ɗaya a juye fa? Da dare, ko kana magana da wani?"

Na ce ai ina lura.

Ya miƙo mini biro. "Lissafa mini."

In ɗaya ya juye a irin wannan jeri, ba a buƙatar maɓalli, ba a buƙatar kwayil. Baturan biyu sun zama zobe, kan wannan a gindin wancan, bolt 8.4 na zagayawa a hanyar da duk turjiyarta ba ta wuce miliom 50 ko 60 ba. Na raba. Amsar ta haura amf 140. Na ajiye biron.

Fiyus suna nan. Wat uku da za su ba ni in na cire su, na bar musu.

Asabar, 14 ga Oktoba

Ba wani labari. Mako biyu yana aiki. Na lura rigar A2 ta ɗan yage a kafaɗa, wurin da harshen gidan batir ke gogarta in ana zarewa. Duk jikin gwangwanin batir negatif ne, har zuwa leɓen da ke zagaye da fosatif, rigar nan da ɗan zoben da ke samanta su kaɗai suka raba su. Na sake masa riga, na goge kaifin harshen, na ɗaura ƙyalle a ƙarƙashin batura na jawo su da shi.

Maiɗakina ta ce ta ɗauka barin sigari na yi, ashe sana'a na canza. Ba ta yi ƙarya ba. Nikotin ɗin dai shi ne, kamun da yake yi wa mutum bai canza ba, kuma wanda bai taɓa sha ba, babu abin da zai tsinta a nan sai wahala. Na rage ƙarfin ruwan da nake sa wa daga miligiram 6 zuwa 3.

Asabar, 28 ga Oktoba

Aibin akwati na farko a ɗabi'arsa yake, ba gyara. Da safe, batura a cike, yana da zafi. Kafin la'asar sun sauko 3.7, wat ya faɗo ƙasa da 37, tururi ya yi laushi. Ƙarfi yana tafiya ne da bolt ninki kansa, don haka ragi kaɗan a batir, babba ne a baki.

Na fara na biyu, mai ɗan hankali. Masu wannan aiki da yawa allon DNA na kamfanin Evolv suke sa wa, mai fuska da lissafin wat da kula da zafi, amma ni ina son abin da zan fahimci kowace ƙafarsa. Na ɗauki OKR-T/10 na Murata. Ba don sigari aka yi shi ba, ɗan allo ne na rage bolt a cikin na'urorin sadarwa da makamantansu. Yana karɓar bolt 4.5 zuwa 14, ya fitar da abin da ka ce masa har zuwa 6, iyakarsa amf 10 da wat 50. Tunda ragewa kawai ya iya, baturan wannan karon kai da gindi za su jeru, su ba da 8.4. Sabbin biyu, B1 da B2.

Allon ƙafafu biyar gare shi, ta biyar ce ke faɗa masa bolt nawa zai fitar, gwargwadon rizistar da ke tsakaninta da negatif. Takardarsa ta ba da lissafin: ka raba 1,182 da turjiyar, ka ƙara 0.591. Na sa rizista mai om 220, a bayanta abin murɗawa mai om 200, irin na ƙara sautin rediyo. A ƙarshe ɗaya om 220, bolt 5.96. A ɗaya ƙarshen om 420, bolt 3.4. Na gwada a tebur, mita ta nuna 5.94 da 3.41. Rabon da takarda da mita su yi mini baki ɗaya tun farkon aikin nan.

Kwayil ɗina na om 0.31 ba zai hau nan ba: ko a 3.4 amf 11 zai nema, ya wuce iyaka. Na naɗa guda ɗaya da lamba 26, naɗi bakwai a kan milimita 2.5, ya ba da om 0.8. A can sama amf 7.4 ne, wat 44.

Abu biyu na kiyaye. Ƙafar farko, ta kunnawa, in aka bar ta a sake allon a kunne yake ɗaukar kansa, saboda haka sai an ja ta zuwa negatif da rizista, maɓalli kuma ya ɗaga ta. Na tuna ranar 17 ga Satumba, na gwada wannan haɗi sau goma kafin in yarda da shi. Na biyu, allon zai ci gaba da aiki har batura su sauko 4.5, wato 2.25 kowanne, alhali 25R ba a kai shi ƙasa da 2.5. Shi bai san batir yake ci ba. Na sa diyod zena mai bolt 5.6 a kan hanyar maɓalli, yadda in batura sun yi sanyi abin da zai ratsa ba zai isa ya tashe shi ba. A injin ba da wuta na Yaya muka riƙa sauke bolt a hankali, ya ƙi tashi a wajen 6.5.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Na huda akwati na biyu, wannan karon da ɗigon ƙusa, ramin ya zauna a tsakiya. Salatif ya riga komai shiga. Na liƙa mazaunin kai a waje kafin in ɗaura shi, na kuma auna zubewar bolt a kansa tun kafin in sa sauran kaya: 0.01 a amf bakwai.

Matsala ɗaya ta fito. Bayan dannawa biyar-shida a jere a bolt 5.9, allon yana zafin da ba na iya barin yatsa a kai. A inda aka saba sa shi akwai fanka mai hura masa iska, a nan kuwa rufaffen akwati ne. Na yi odar ɗan faifan roba mai ɗaukar zafi amma ba ya ɗaukar wuta, in manna allon da bangon alminiyam ta kansa. Har ya zo, na tsayar da abin murɗawa a 5.0, wat 31.

Har yanzu babu kariyar juya batir a wannan. Yaya ya ce yana da mosfet irin na ɓangaren fosatif a cikin tarkacensa, in zo ranar Laraba mu duba ko ƙafafunsa za su shiga ɗan wurin da ya rage tsakanin gidan batir da maɓalli. Na auna wurin ɗazu, milimita 11 ne.